Mutuwar Kaskon da Aka Hana Ni

Har yau in na ji an ce "ai wasa ne," sai raina ya ɓaci. Da wannan maganar aka cinye mani dagena, da ita kuma aka mayar da ni maƙaryaciya a gaban kakata, ina da shekara goma sha uku a duniya. Dagen na kati ne, ba mai rai ba. Na san akwai masu cewa mace da 'ya'yanta ta rasa abin tunawa sai takardar cingam. Su ce. Ba su aka yi wa dariya a tsakar gida ba.

Shekarun nan ne da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa na ɗaga kai wai mu ma Gusau ta zama babban birni. A lokacin ne wani cingam ya shigo daga ƙetaren iyaka. Ta wajen Jangeru yake ɓullowa, ya sauka kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, daga nan ya bi motoci ya watsu. Shi kansa cingam ɗin ba abin arziki ba ne, tauna uku zaƙin ya gudu ya bar ka da roba. Abin da ke cikin ledar ne ya haukata mu: kati guda mai tauri, da hoton dabba, da lamba biyu a ƙasan hoton. Ta hagu ja ce, an zana takobi kusa da ita, muka sa mata suna sara. Ta dama shuɗiya, da hoton garkuwa, ita ce iyakar dukan da dabbar za ta iya ɗauka. Wasu katunan babu dabba, sai mashi ko sulke da 'yar ƙaramar lamba. Waɗannan muke kira taimako.

Babanmu direba ne, a-kori-kura yake ja tsakanin Ƙaura da Shinkafi, buhunan gero a ƙasa, mutane a saman buhuna. Duk Alhamis in ya dawo akwai cingam a aljihun rigarsa. Wata rana ma kwali guda ya kawo, wani ɗan tireda ya ba shi don ya ɗauko masa kaya. A cikin kwalin na tarar da wata takarda an ninke ta huɗu, cike da ƙananan rubutu na Faransanci. Dokokin wasan ne, hotunan da ke jiki sun nuna haka, amma duk unguwarmu babu mai karanta ko layi ɗaya. Daga hotunan muka gane abin da muka gane, manyan yara suka cike sauran.

Ga yadda muke yi a Ƙaura. Kowa ya jera dabbobinsa biyar a gabansa, ya ɓoye katunan taimako a hannu. Mai kai hari ya tura dabba ɗaya tsakiyar tabarma. Abokin karawa ya zaɓi wadda za ta tare ta. Daga nan sai a ɗan dakata, kuma wannan dakatawar ita ce ran wasan, don a cikinta ne kowa ke iya jefa taimako ya ƙara wa dabbarsa sara ko garkuwa. Mai hari ya ɗaga hannu sama, ya ƙirga uku, ya buga tabarma ya ce, "Ta sauka!" Da tafin hannunsa ya taɓa tabarma an rufe ƙofa, taimakon da ya zo bayan haka ko kallonsa ba a yi. Sai a auna saran kowace dabba da garkuwar ɗayar. In sara ya kai garkuwa ko ya wuce ta, mai garkuwar ta mutu, wanda ya kashe ta ya ɗauke katin ya zama nasa.

Abin da nake so a riƙe shi ne wannan: saran biyu tare suke sauka, ba wanda ke jiran wani. Saboda haka yakan faru dabbobin biyu su kashe juna, shi muke kira mutuwar kasko. In an yi mutuwar kasko ba wanda ya ci wani. Kowa ya janye gawarsa ya kife ta gefe, in an tashi ya tafi da abinsa gida. Yaran unguwarmu kaf, har masu majina a hanci, sun san wannan.

Dagena ba ƙaƙƙarfa ba ne. Sara huɗu, garkuwa uku. Amma duk Ƙaura ban taɓa ganin irinsa a hannun kowa ba. Ɗan gajere ne, baƙi, da farin baya kamar an zuba masa toka, ya yage baki yana kallon mai kallonsa. Ranar da na buɗe ledarsa Baba ya karɓa ya duba, ya dube ni, ya ce wannan dabba ba ta san girman kowa ba, in ta kama ba ta saki, an yi sa'a ta faɗo hannun mai irin halinta. Tun daga ranar nake sa shi cikin jakar Islamiyyata, a tsakiyar littafi, kada gefensa ya lanƙwashe.

Sai taubashina. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba da ke aure a Shinkafi, ya girme ni da shekara uku. Ɗan mace da 'yar namiji, kowa ya san wasan da ke tsakani: ya tsokane ni, in tsokane shi, ya ɗauke mani takalmi ya rataye a bishiya, manya su yi dariya. Da yake a bakin kasuwar yake zaune, kati sai wanda ya zaɓa. Yana da zaki mai sara bakwai da garkuwa shida, kuma duk haɗuwarmu sai ya fito da shi ya kaɗa mani a fuska.

"Zakin ga bai taɓa mutuwa ba," in ji shi. "Dut Shinkahi babu wanda yak kai shi ƙasa. Bale ke."

Wannan "bale ke" ɗin ita ta sa ni aiki. Na zauna na yi lissafina. Garkuwar zaki shida, saran dage huɗu, saura biyu. Akwai katin mashi mai ƙara biyu a hannun wata 'yar ajinmu, sai da na ba ta kura da jimina da kada kafin ta saki. Na san dage ba zai tsira daga sara bakwai ba. Ba cin zakin nake nema ba. So nake ya mutu sau ɗaya, a gaban mutane, a kife shi gefen tabarma kamar kowa. Wata uku mashin nan na ɓoye a jakata ban nuna wa kowa ba.

Ranar ta zo a Zurmi, gidan kakarmu, mahaifiyar Baba da gwaggo. An yi wa baffanmu haihuwa, dangi suka taru suna. Bayan azahar an ci an ƙoshi, muka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, jikoki sun kewaye mu. Kaka na nan kusa a kan 'yar kujerarta tana tsinkar yakuwa a faifai, mata na gefenta suna hira.

Sai na faɗi matsayina a wurin Kaka, in ba haka ba ba za a gane abin da na rasa ba. A cikin jikokinta ni ce shaidarta. In an sha nonon da ta ajiye, ko an bar ƙofar awaki a buɗe, ba ta ɓata lokacin tambayar kowa. Ni take kira. Takan ce, "Ku kira mani wagga, ita ba ta ƙarya ko da ita tay yi." Sauran jikoki sun tsane ni a kan haka, ni kuwa ina jin daɗinsa fiye da sabon zane.

Wasa ya yi nisa, ya ci mani barewa, na ci masa dila. Sai ya tura zakin tsakiya da ɗan yatsa ɗaya, yana kallon sama. Na tura dage. Yara suka sa ihu, don sun ɗauka na haukace. Ya ɗaga hannu ya fara ƙirga. Ɗaya. Biyu. Hannunsa na sama na zaro mashin na ɗora a kan dage. Kowa ya gani, shi ma ya gani, na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan lambar. Amma hannu ya riga ya taho. Ya bugi tabarma.

Na ce, "Ta sauka. Huɗu da biyu shida. Mutuwar kasko ta. Kihe zakinka."

Ya dubi katunan. Sannan ya miƙa hannu, ba wajen zakinsa ba, wajen dagena, ya ɗauke ya sa aljihu.

"Mi kike nuhi da kasko?" in ji shi. "Ni nik kai hari, ni nis sara hwarko. Dagenki ya mutu tun bai ɗaga hannu ba. Wanda anka kashe ba shi sara. Mu Shinkahi hakanan muke yi, kuma ta wurinmu katin ga ke biyowa kahin ku gan shi."

Na tashi tsaye. Na yi masa bayani, na yi wa yaran bayani. Da a Ƙaura ne da goma sun tsaya mani. Amma a Zurmi muke, yaran can ba su daɗe da fara ganin katin ba, sai raba ido suke tsakanina da shi. Hayaniya ta kai kunnen Kaka ta ce mu zo. Na ji sanyi a raina, na ce yau gaskiya ta zo gidanta.

Ta saurare shi, ta saurare ni, hannunta bai bar yakuwa ba. Na ce mata tare suke sara, shi ya sa dukansu suka mutu. Ta ce, "Wa yaf fara kai hannu?" Na ce shi ne ya kai hari, amma ba nan maganar take ba. Ta ɗago ta dubi matan da ke gefenta.

"To ni dai," in ji ta, "tun da Allah Yay yi ni, ban ga gawa ta tashi ta rama ba."

Gidan ya ɗauka da dariya. Wata har da riƙe ciki. Na ce Kaka wallahi haka dokar take, ba ni na yi ta ba. A nan ne fuskarta ta canja, don ba ta son rantsuwa a bakin yaro.

"Ke ɗiyar ga, bar rantsuwa. An ci ki, kin ƙago doka don kar a ɗauki abinki. Ban san ki da haka ba. Kuma ko da ƙwace yay yi, ba taubashinki na ba? Abin da taubashi yaɗ ɗauka ai wasa na."

Kun ji fa. Hukunci biyu a numfashi ɗaya, kuma duk biyun a kaina suka faɗa. In ya ci, ya ci. In ma bai ci ba, wasa ne. To ta wace ƙofa zan fita? Wasan taubashi na san shi, in ya rataye mani takalmi da yamma yakan sauko da shi. Wane irin wasa ne wanda abin ke tafiya Shinkafi a aljihu, ni kuma a bar ni da sunan mai ƙago doka? Kafin magariba jikoki sun laƙaba mani "kasko," duk inda na gifta sai na ji shi.

Ba sunan ne ya fi ci mani rai ba. Washegari da safe aka tarar wani ya karya ludayin Kaka ya tura shi bayan randa. Ina tsaye a gabanta, na kuma san wanda ya yi. Ta dube ni, ta wuce ni da ido, ta kira wata jikar. Wata daga cikin matan ta ce ga shaidarki nan tsaye, Kaka ta ce, "Wagga ta koyi tsara magana." A bayan mota na yi kukana har muka iso Ƙaura, kaina a kan buhu.

Baba bai sa baki a Zurmi ba, ba ya musu da mahaifiyarsa a gaban mutane. Amma da na kwana biyu ba na cin abincin kirki, ya kira ni ya ce in kawo takardar nan ta cikin kwali. Ya ce a tashar Shinkafi akwai wani mai gyaran rediyo, mutumin ƙetare, da can mushe ne. Na zaro ido na ce mushe kuma? Ya yi dariya ya ce ba mushen da na sani ba, haka mutanen can ke kiran malamin makarantar boko. Duk da baƙin cikina sai da na murmusa. An ce gawa ba ta rama, ga shi mushe zai ba da shaida.

Sai dai mushen ya tafi gida girbi. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, takarda na nan a aljihun mota. Ina wannan jira duniyarmu ta juya. Aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, Baba ya kwashi mutane ya kai su, ya dawo muryarsa a dishe don kabbara. 'Yan kartan da ke zama bayan tasha suka ɓace kamar ba a taɓa yin su ba, kuma Baba ya fi kowa murna, don ya ga abin da karta ta yi wa gidajen abokan aikinsa. Ba a daɗe ba magana ta iso kanmu. Malaminmu na Islamiyya ya ce duk wasan da wanda ya ci zai ɗauke abin wanda aka ci, caca ce, ko da hoton zomo ne a jiki.

Ban yi musu ba, har yau ma ba na yi. Gaskiya ya faɗa. Da Baba ya ce a kawo katunan, da hannuna na kwaso nawa na ba shi, har mashin. Amma a raina na ce wannan ma ya ƙara mani ƙarfi. Tun da mutuwar kasko aka yi, ba a ci dagena a caca ba. Ɗauke shi aka yi da rana tsaka.

A Alhamis ta bakwai Baba ya dawo da amsa. Mushen ya karanta masa takardar layi-layi, sannan ya rubuta wurin da ya shafe mu a bayan kwalin batir, da Hausa irin tasu ta masu karatun Faransanci. Na sha wuya kafin na gane, don ya cusa haruffan da ba mu sa wa. Ya rubuta cewa dabbobin biyu suna sara "a lokatchi gouda," ya ja layi biyu a ƙarƙashi. A ƙasa ya ƙara cewa wadda ta mutu ma saranta ya riga ya sauka. Na karanta ya fi sau ashirin. A tsakiyar littafi na sa shi, inda dage yake zama.

Da ƙaramar Salla muka koma Zurmi. Ko takalmi ban gama cirewa ba na durƙusa gaban Kaka na miƙa mata. Ta juya kwalin sama, ta juya shi ƙasa. Ba ta karanta boko, na sani, shi ya sa na karanta mata da ƙarfi, Baba kuma daga bakin ƙofa ya ce haka mutumin ya faɗa.

Ta ce, "Takarda ba ta da baki, kowa na iya rubuta abin da yake so. Shi wanda kunka yi wasan da shi, in ya hwaɗi da bakinai hakanan na, na yarda, in ba ki haƙuri gaban kowa."

Na ce to, ai da sauƙi. Na zauna jiran motar Shinkafi.

Wanda ya sauko daga motar ba taubashin da na sani ba ne. Ya ɗage wando sama da idon sawu, ya sha mur, yana tafiya yana kallon ƙasa. Gwaggo ce ta ba da labari tun kafin ta zauna. Ya shiga cikin samarin masallacin unguwarsu masu zagayawa suna yi wa mutane nasiha. Kuma shi ne na farko da ya kwaso katunansa, gwangwanin madara biyu cike, ya zuba a ƙofar masallaci bayan la'asar ya cinna masu wuta a gaban jama'a, liman ya dafa kansa. Mata suka yi ta sa albarka.

Na juya gare shi na ce, "Dagena hwa?"

Ya ce, "Dut na ƙone. Ki gode Allah na raba ki da haram."

In gode! Mutum ya tuba da kayana, an dafa kansa a kan kayana, sannan ni ce zan yi godiya. A aji ɗaya na Islamiyya aka koya mana cewa wanda ya ɗauki haƙƙin wani, tubarsa ba ta cika sai ya mayar ko ya nemi yafiya. Shi da ke zagaya gari yana nasiha, wannan babin ne ya tsallake? Da ya aiko mani da dagen ta hannun Baba, ni da kaina zan sa shi a murhu. Amma na haɗiye wannan duka, don ba katin na zo nema ba. Na miƙa masa kwalin mushe. Na ce ya karanta, ya faɗa wa Kaka ko zakin ya mutu ko bai mutu ba. Kalma biyu kawai.

Ko karɓa bai yi ba. Ya mayar da hannuwansa baya kamar na miƙo masa garwashi.

"Na bar maganar caca," in ji shi. "Bakina ba ya komawa gare ta."

Kaka ta ce Allah Ya yi masa albarka. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kin gani? Yaro ya girma ya bar shirme, ke kina nan riƙe da kasko." Aka sake yin dariya, ba mai yawa ba wannan karon, amma ta ishe ni.

Ban bari ba. Duk haɗuwa sai na tambaye shi, a biki, a gaisuwar mutuwa, har ranar da aka kai masa amarya. Amsar ɗaya ce, ya bar maganar caca. Wandon ya koma ya sauko, murmushin ya dawo, har ƙwallo ya koma kallo a gidan kallo, amma a kan wannan magana ɗaya tsoron Allahnsa bai taɓa raguwa ba. Kaka ba ta ƙi ni ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Tana ajiye mani ƙuli-ƙuli, ita ta yi mani gara mafi yawa da na yi aure. Sai dai ba ta sake cewa a kira mata wagga ba. A ciwonta na ƙarshe na je jinya, wata maƙwabciya ta tambayi wace ce ni, ta ce, "Jikata ta, ta Ƙaura. Kirki gare ta, sai dai in an ci ta ba ta yarda." Da wannan ta tafi.

Damina biyu bayan rasuwarta taubashina ya samu kujerar Makka. Kamar yadda ake yi, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. Ya iso gidana da hantsi, na shimfiɗa masa tabarma, na kawo fura. Ya gyara murya ya karanto abin da ya karanta wa kowa, in yafe masa abin da ya yi mani, wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Na ce, "Wanda ba ka sani ba na yahe. Akwai wanda kas sani."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba kasko, har yanzu?"

Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko kwalin batir, ya yi laushi, rubutun ya koɗe. Na ajiye a kan tabarma tsakanina da shi. Wannan karon ya ɗauka. Bai ma karanta ba, ya dai riƙe shi yana shafa gefensa da babban yatsa.

"Zakin ya mutu," in ji shi. Sannan ya ƙara, "Ba sai mushe ya hwaɗi ba. Ko Shinkahi tare muke sara, kamar ku. Nan take niƙ ƙago waccan, don kar yara su ga an kihe shi."

Shekara da shekaru ina jin haushin garin Shinkafi baki ɗaya, ina cewa mutane ne masu karkatacciyar doka, ashe ba ruwansu. Mai ƙago doka yana zaune kusa da Kaka ranar nan, yana jin ana ɗora mani sunansa, ya kuma ci gaba da ji har aka binne ta. Kuma shi ne a gaba wajen ɗaukar makararta.

Ya ce, "To na hwaɗi. Kin yahe?"

Na ce, "Ba ni Kaka tac ce a hwaɗa ma ba. Ka san inda take kwance, kai kas sa ta ciki. Ka tai ka hwaɗa mata."

Ya ce, "Subhanallahi. Wanda yar rasu, mi za shi ji?"

Na ce, "Ka sake ƙago doka a kan gawa ke nan. In ba su ji, wa kake yi wa sallama in ka shiga maƙabarta?"

Bai sha furar ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita, ni kuma ban raka shi ba.

Bayan kwana uku Baba ya biyo ta gidana. Ya ce ɗan ƙanwarsa ya zo ya roƙe shi ya kai shi Zurmi, ya kai shi, ya jira shi a bakin maƙabarta. Ya ce bai daɗe ba ya fito yana kakkaɓe gwiwa. Yana waje a mota, in ji Baba, yana jin nauyin shigowa. Na yafa mayafi na fita. Yana zaune a gaba, ya sauke gilashi.

Ya ce, "Na hwaɗa mata."

Na ce, "Mi tac ce?"

Ya sunkuyar da kai. Na tsaya ina kallonsa har rana ta fara cin ƙafata. Sannan na ce Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo da shi lafiya, na yafe. Na koma ciki na ɗauki kwalin mushe daga inda ya bar shi a kan taga, na mayar da shi akwati.